Tudun Shuni, Ƙasar da Ke Cin Ƙarfe

Tsakanin Daular Ƙarfaye ta gabas da Daular Zundumi ta yamma akwai wani tudu, ana ce masa Tudun Shuni. Ƙasarsa shuɗiya ce kamar an juye ruwan marina a kanta. Ƙarfe ba ya rayuwa a cikinsa. Ka shiga da wuƙa, kafin taku goma ta zama gari a cikin kube. Tudun na aljanu ne, ba na kowane sarki ba. Mutane kan zo daga nesa su shiga gefensa, su roƙi Allah ruwa ko haihuwa, su fito.

Rafi ya kewaye shi. Mashiga ɗaya ce, gidanmu yana bakinta. Sana'ar gidanmu wankin ƙafa. A tsallake, gefen Tudu, akwai dutse da itacen aduwa. Duk wanda zai fito, ubana Ɓaidu zai zaunar da shi a kan dutsen, ya goge masa ƙafa da soso, ya bi tsakanin yatsu, ya sakace farce da ƙaya, ya kakkaɓe masa riga, har sai ba ƙwayar shuɗi ko ɗaya a jikinsa. Sannan ya sauko da ludayin gidanmu daga reshen aduwa, ya zuba masa ruwa sau uku, ya ce, "Yadda ka shiga haka ka fita." Sai rafin ya bar shi ya haye. Shiga ba a hana kowa. Amma wanda ya zo fita bai sami ruwan ludayin nan ba, ko rafin bai kai idon sawu ba sai ya haɗiye shi. Na ga ya haɗiye wani attajiri da ya ɓoye ƙasar a hularsa. Hular kaɗai ta taso.

Ludayin nan ba a ɗauka, bayarwa ake yi. Uba ke miƙa wa ɗa ranar da ya ga ya isa, kuma ranar ce ɗan ke zama mutum. Ni Nomau ina da shekara goma sha bakwai, gemu ya fara tsiro mini, ubana bai ko dubi inda nake ba. Soso nake wankewa. Abin yana cina.

A shekarar yaƙi ya iso mu. Daulolin nan biyu sun shekara bakwai suna ƙone garuruwan juna. Kowane sarki na kiran kansa Garkuwar Tudu, alhali ba wanda ya taɓa tako bakin rafin a cikinsu. Bokayen fada suka ce musu duk wanda ya shimfiɗa ƙasar tsakiyar Tudu a ƙarƙashin gadonsa, duniya tasa ce. A mako guda rundunonin biyu suka sauka, Ƙarfaye gabas da gidanmu, Zundumi yamma.

Cikin kwana uku suka ɓata abin da muka tsare tun kakan kakana. Suka shayar da dabbobi a mashiga. Suka yi bayan gida a bakin ruwa. Masu zawo da suka mutu a sansani, a rafin aka zubar da su. Ƙuda ya rufe gidanmu har tuwo ba ya haɗiyuwa.

Zundumi ta fara tura mutum ɗari biyu da makamai. Takubbansu suka zube kamar toka, suka ɓace a cikin kurmi. Kwana biyar muna jin ihunsu. Waɗanda suka sami hanyar dawowa, rafi ya cinye su a kan idonmu. Daga nan sarakunan biyu suka gane sai da ɗan jagora, kuma gidanmu kaɗai ya san hanya. Suka ajiye faɗa na kwana uku, kowa ya ba da mutum guda. Ƙarfaye ta ba da Barde Gwanki, ƙato mai wuya kamar turmi. Zundumi ta ba da Jarmai Sambali, dogo, mai murmushi ko da yana zaginka.

Suka iske ubana a ƙofar gida yana gyara soso.

Barde ya ce, "Kai tsoho, kai ne mai wankin ƙazantar mutane?"

Ubana ya ce, "Ni ne. Kawo taka in gani."

Jarmai ya yi dariya, ya durƙusa kamar mai ladabi. "Baba, ba faɗa muka zo ba. Kai mu tsakiyar Tudu, mu ɗebi 'yar ƙasa tafi guda, ka zuba mana ruwanka mu fito. Sarki zai yi maka riga."

"Ina da riga."

"Zai yi maka gida."

"Kana tsugune a ƙofarsa."

Suka doke shi, bai canza magana ba. Sai suka zaunar da shi a filin mashiga. Tunda ba mai yarda da wani, Ƙarfaye ta sa sarƙarta a ƙafarsa ta dama, Zundumi ta sa tata a ta hagu, kowace sarƙa aka ɗaura ta a jikin raƙumi. Barde ya juyo gare ni.

"Kai ɗan soso, an ce kai ma ka san hanya. La'asar ta kwana na uku, in ba mu fito da ƙasa ba, za a tayar da raƙuman nan. Ɗaya gabas, ɗaya yamma."

Na san hanya, amma da baki. Ubana ya sa na haddace ta kamar karatu, ban taɓa wuce itacen aduwa ba. Na je na durƙusa gabansa.

"Baba."

"Kar ka je."

"Za su yaga ka."

"Su yaga. Ni ne farkon wanda suka yaga?"

"Zan je."

Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. "To ka ji. Ban ba ka ludayi ba. Ƙwaya ɗaya ta fita ta hannunka, ba ni ba kai."

Muka haye da hantsi, ba takalmi, ba makami, Barde da Jarmai kowa da jakar fata a wuya.

Bayan aduwa kurmi ne. Itatuwansa suna matsawa su ba ka hanya in ka yi musu sallama, in ba ka yi ba su rufe ka. Na yi sallama. Muka yi tafiya har azahar, sai muka iske wata tsohuwa zaune a tsakiyar hanya tana kaɗa auduga. Hancinta ya kai tsawon taɓarya, ta ɗora shi a kan gwafa don kar ya taɓa ƙasa. Ita ce mai tsaron ƙofa. Na ajiye tafin gero a gabanta kamar yadda aka koya mini.

"Sannu da aiki, Kaka."

"Yawwa, ɗan gidan soso. Ina ubanka? Me ya sa ya aiko mini ɗanye?"

"Yana ɗaure, Kaka."

Ta ɗaga hancin ta shaƙi iska, sai ta yi tari har mazarinta ya faɗi. Ta ce, "Ya ku 'yan Adam biyu, kuraye sun wuce ta nan, ungulaye sun wuce, ba wanda ya taɓa shigo mini da wari irin naku. Me kuka ɗauko?"

Barde ya ce, "Ba komai, Iya, sai jakunkuna."

Jarmai ya dafa ƙirji. "Tsirara muka zo kamar jarirai."

"Jarirai," in ji ta. Ta ɗebi ƙasa da yatsu biyu ta hura musu a fuska.

Barde ya yi ƙara ya kama ƙeya. Ashe aska ya lulluɓe da kakin zuma ya cusa a tukkun gashinsa don kar ƙura ta taɓa ta. Kakin ya narke, askar ta zama tsatsa tana gangaro masa a wuya. Jarmai kuwa ya duƙa ya yi ta amai. Kan kibiya ya haɗiye, ya ɗaure shi da zare a haƙorinsa na ciki, don ya jawo shi in sun kai inda ba shaida. Ya amayo jan ruwa da guntayen tsatsa a kan ƙafafunsa.

Suka dubi juna. Barde ya ce, "Munafuki, ashe ni ka tanadar wa."

Jarmai ya goge baki. "Askar taka fa? Gemuna za ka gyara mini?"

Tsohuwa ta ce, "Ku wuce, ku yi sauri, kuna ɓata mini auduga. Kai kuma ɗan soso, ka yi tafiya ta inda iska ke fitowa."

Muka fita kurmi muka shiga wani fako, ba itace ko ɗaya, rana tsaka. Nan na ga abin da ubana ya faɗa mini ban yarda ba. A fakon nan, duk wanda mutum ya kashe, inuwarsa na fitowa ta bi shi. Ni inuwa ɗaya gare ni, tawa. Bayan Barde inuwoyi suka yi ta ɓullowa har suka rufe ƙasa kamar garke. Bayan Jarmai ma haka. Akwai dogaye, akwai masu goyo, akwai waɗanda ba su kai tsawon turmi ba.

Na ɗauka za su tsorata. Barde ya waiga, ya waiga bayan Jarmai, ya ce, "Nawa sun fi."

"Ƙarya kake. Dubi can, har bayan tudun nan nawa ne."

"Naka rabi mata ne da yara."

"Yaro ba ya girma ne?"

Na tofar da yawu na yi gaba.

A ƙarshen fakon akwai rami, ba a ganin ƙasansa. An gitta kututturen giginya guda a kai. A bakinsa wani aljani ke tsaye da ƙafa ɗaya, kansa kamar na zalɓe, yana riƙe da gora.

Ya ce, "Ya ku matafiya, gadata ba ta ɗaukar biyu. Inuwa tana da nauyi a nan. Kowace za ta haye ita kaɗai, sannan mai ita ya biyo. Sai dai in an kira ta da sunanta, sai ta tashi ta huta."

Na dubi garken inuwoyin, na dubi rana. Na ce wa Barde, "Ranka ya daɗe, kira sunayensu, lokaci na tafiya."

"Sunaye? Ni na raɗa musu?"

"Ko guda ba ka sani ba?"

Ya yi tunani. "Akwai wani da ya cije ni a yatsa. Ban tambaye shi ba."

Jarmai ya ce, "Ni nakan tambaya, don in san inda suka binne hatsi. Ba na riƙewa."

Suka zauna suka miƙe ƙafa. Inuwoyi suka fara hayewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar masu ciwo. Ina tsaye ina kallo, sai na ga wata gurguwar inuwa da ƙwarya a ka. Na san tafiyar nan. Inna Tabawa ce mai fura, ta ƙauyen Kwargo da ke kusa da mu, wanda aka ƙone da kaka.

Na ce, "Inna Tabawa."

Inuwar ta tsaya, ta sauke ƙwaryar, ta tashi kamar hayaƙi.

Daga nan na shiga cikinsu ina dubawa. Na gane Cindo maƙeri da kafaɗarsa mai karkata. Na gane tagwayen Anaruwa. Na gane liman da sandarsa. Rabin mutanen Kwargo suna bayan Barde, rabi suna bayan Jarmai, don ashe ƙauyen sau biyu aka shige shi. Na kira suna sittin da uku. Sauran baƙi ne, ban san su ba. Sai da muka kai la'asar ta kwana na biyu sannan inuwar ƙarshe ta haye.

Da na zo hawa, aljanin ya tare ni da gorarsa. "Ya ɗan gidan soso, yau ka haye da sauƙi. Ka tuna da sauƙin nan."

Ban gane ba. Ban kuma tsaya tambaya ba.

A tsallake muka sami marmaro. Ƙishirwa ta kusa kashe mu. Na sha, ruwa ne mai sanyi kamar na randa. Su biyu suka kafa baki, suka ɗago suna kakari. Marmaron nan yana ba kowa irin ruwan da ya bar wa wasu. Abin da suka zuba a rafinmu, shi suka ji a harshensu, kashin dabba da ruɓaɓɓen mutum. Suka yi amai, ƙishirwa ta sake kora su, suka toshe hanci suka sha. Barde ya ce da ya koma zai sa a cike marmaron da duwatsu.

Hantsin kwana na uku muka isa tsakiya. Tun daga nesa muke jin gurnani kamar hadari. Wani halitta ne zaune, a zaunen ya fi rimi tsawo, gashin girarsa ya sauko har gwiwa. Niƙa yake yi. Yana murza wani shuɗin dutse a kan dutsen niƙa, in ya tura sau ɗari sai ɗan gari ya zubo wanda bai cika farce ba. Shi ne Uban Tudu. Duk ƙasar nan da muka taka, shi ya niƙa ta.

Barde ya buɗe ƙirji. "Ni ne Barde Gwanki, bakin Sarkin Ƙarfaye, Garkuwar Tudu, mai gabas da duk abin da rana ta fito a kansa!"

Jarmai ya sha gabansa. "Ni ne Jarmai Sambali, bakin Sarkin Zundumi, Garkuwar Tudu na gaskiya!"

Uban Tudu bai daina niƙa ba. Ya ce, "Garkuwar wane tudu?"

"Wannan," suka ce tare.

"Ya ku 'yan Adam, tun ba a haƙa rijiyar farko ba nake niƙa a nan. Ban san ina da garkuwa ba, balle biyu. Daga me suke kare ni?"

Barde ya nuna Jarmai. Jarmai ya nuna Barde.

"To. Me kuke so?"

"Ƙasa, tafi guda."

"Ga ta nan. Ni ba na hana ɗiba. Fita ce ba tawa ba."

Suka ruga gindin dutsen niƙa, kowa na son ya riga ɗiba. Barde ya shaƙe Jarmai. Jarmai ya kafa haƙora a kunnen Barde ya cire shi, ya tofar. Manyan mutane biyu, masu gemu, suna birgima suna yaƙushi kamar karnuka a kan hanji. Jininsu ya zuba, ƙasar ta ƙi sha, ya tsaya a kanta yana rawa. Da suka gaji, kowa ya cika jakarsa yana haki.

Uban Tudu ya ɗaga gira ɗaya da yatsa ya dube ni. "Ya kai ɗan gidan soso, matso. Kakanninka goma sha ɗaya na sani, ba wanda ya taɓa kawo mini irin waɗannan."

"Ranka ya daɗe, ubana yana ɗaure tsakanin raƙuma biyu. In ba su fita da ƙasar ba, la'asar za a yaga shi."

"In sun fita da ita fa, za su kwance shi?"

Na waiga na dube su. Barde na toshe kunne da tsumma, Jarmai na lasar leɓe yana murmushi. Na ce, "A'a. Ba za su bar wanda ya san hanya ba."

"Ka fara hankali. To ka ji. Rafi bai san wanda aka ba ludayi ba, jinin gidanku kawai ya sani. Ka kuma ji. Ƙasata ba ta zama baƙuwa. Duk inda ƙwayarta ta sauka, nan Tudu ne, dokata na binta."

Na ce, "Har sarƙa?"

"Har sarƙa."

"Har takobi da mashi?"

"Har su. Har abin da ba ka tambaya ba. Tambaye ni saura."

Na dubi rana, ta karkata. Na ce, "Ranka ya daɗe, rana na tafiya."

"Haka ne, tana tafiya," in ji shi. Ya nuna da leɓe, wata siririyar hanya ta buɗe. Ya koma niƙansa.

Hanyar fita gajeriya ce. Muka ɓullo bayan itacen aduwa ana kiran la'asar. A tsallake rundunoni biyu sun yi sahu. An riga an fara dukan raƙuman su tashi. Ubana na zaune a tsakiya, bayansa a miƙe kamar kara.

Na miƙa hannu reshen aduwa.

Ya hango ni. Muryarsa ta tsallako ruwa. "Nomau! Sauke hannunka!"

Na sauko da ludayin. Ban taɓa soso ba, ban taɓa ƙaya ba. Na zuba wa Barde sau uku, jakarsa cike a wuyansa, na ce, "Yadda ka shiga haka ka fita." Na yi wa Jarmai haka. Na yi wa kaina, ƙafafuna shuɗi har ƙwauri. Ƙarya uku na yi a kan dutsen da kakannina goma sha ɗaya ba su yi ko ɗaya ba. Rafin ya kwanta.

Na riga su hayewa. Raƙuman sun miƙe, sarƙoƙin sun fara ɗamewa. Na taka ta dama da ƙafa ɗaya, ta hagu da ɗaya. Suka yi jan tsatsa, suka yi laushi, suka warwatse kamar busasshen tuwo. Raƙuman suka tafi da iska. Na saɓi ubana a kafaɗa na shige gida, ba wanda ya kula mu, kowa na kallon jakunkuna.

Sarakunan ba su tsaya ga ƙarƙashin gado ba. Kowa ya so a ga ya samu. Aka shafa ƙasar a tutoci, aka barbaɗa a ƙofar kowace bukka ta sansani, mayaƙa suka yi ta shafawa a goshi. Kafin rana ta faɗi takubba sun zube, kowane mashi ya zama sanda, sulke ya kakkarye a jikin masu shi. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo, na ce a raina na kashe yaƙi. Ina da shekara goma sha bakwai.

Da gari ya waye suka fito da duwatsu. Suka fito da taɓare da guma-guman wuta. Wanda bai sami komai ba ya yi da haƙori. Takobi yana gamawa da wuri, dutse sai an maimaita. Kwana biyu suna yi a bakin mashiga, don kowane sarki ya ce ɗayan ne ya yi masa sihiri. Barde ya mutu a cikin laka, mutanensa ne suka tattake shi. Jarmai ban san ƙarshensa ba, ban kuma nema ba.

Waɗanda suka tsira suka watse, kowa ya nufi garinsu, shuɗi a ƙafa, shuɗi a riga, ba mai wanke su. Abin da ban tambaya ba ke nan. Duk garin da suka shiga, fartanya ta ruɓe. Garma ta ruɓe, gatari ya ruɓe, lauje, allura, askar wanzami, har uwar maƙera. Damina ta sauka, mutane na tonon ƙasa da itace da farce. Ciyawa ta cinye gero. Shekara uku ana yunwa gabas da yamma. Daulolin biyu suka rushe, ban yi musu kuka ba. Amma ba sarakuna ne suka mutu da yunwa ba.

Ubana ya yi wata guda bai ce mini uffan ba. Ran nan da safe ya jefo mini tsintsiya da faifai.

"Tashi. Abin da ka fitar za ka mayar."

Muka bi gari gari. Mu share hanya, mu share tsakar gida, mu kankare daɓen ɗaki, mu bakace a faifai, mu tsince shuɗin ƙwaya ƙwaya mu zuba a gora. In mun gama sai mu soke allura a ƙasa, irin wadda fatake ke kawowa daga nesa. In ta kwana uku ba ta yi ja ba, sai mu ce wa maƙeri ya hura wuta. In ta yi ja, mu sake daga farko. Wani garin wata biyu, wani shekara. A wasu garuruwan sun jefe mu da suka ji ko ni wane ne. Ban ɓoye ba, ban kuma ba da haƙuri ba. Na ce su ba ni sunayen waɗanda yunwa ta kashe musu. Ina shara ina haddacewa.

Da gorar farko ta cika na kai ta Tudu. Tsohuwa mai hanci ta shinshina ni, ta kawar da kai. Da na shiga fako na waiga. Ban ga ƙasa ba. Inuwoyi ne har iyakar ganina, sun ninka na Barde da na Jarmai a haɗe. Yawancinsu ƙanana.

Aljanin gada ya ce, "Ya ɗan gidan soso, ka tuna?"

Na ce, "Na tuna. Matsa in fara."

Na kira sunayen da na sani. Duk da haka kwana goma sha tara na yi kafin in haye.

Ubana ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan sarƙar. Ya mutu a kan tabarmarsa, da ƙafafunsa biyu, da furar da ya sha a cikinsa. Ranar na ce masa, "Baba, ludayin."

Ya ce, "Ka riga ka ɗauka." Ya juya fuska bango.

Bai ba ni ba. Shekara sittin ke nan ina wanke ƙafar mutane da ludayin da ba a ba ni ba, kuma ƙwaya ɗaya ba ta sake fita ba. Da rani ina shara, da damina ina bakin rafi. Garuruwa ɗari da goma sha huɗu sun koma jin ƙarar maƙera. Saura suna nan. Bara na kai gora ta talatin da ɗaya, kwana biyu kawai na yi a bakin gada.

Masu zuwa ziyara sukan tambaye ni ko na yi nadama. Nakan ce su miƙo ɗaya ƙafar. Duk shigata fakon nan sai na bi inuwoyin ɗaya bayan ɗaya na duba. Na san tsayin ubana, na san yadda yake riƙe bayansa. Tasa ba ta cikinsu.